Sharhi: Lakar kogi na riƙe da shaidar zaiba, saura a karanta ta

Kowace damina, daga watan Yuli zuwa Satumba, ruwan kogin Isa yakan rikiɗe ya koma ja a Yamai. Masana harkar ruwa na kiran wannan cikar da jar ambaliya, don a bambanta ta da cikar lokacin sanyi da ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini. Jan launin na laka ne, wadda rafukan Sirba da Dargol da Goruwol ke kwasowa daga yankin Liptako su zuba a kogin kafin ya iso babban birni. A wannan yanki ne kuma aka fi daɗewa ana haƙar zinare da hannu a Nijar, tun bayan farin 1984 da ya kori manoma da yawa daga gonaki zuwa ramuka. Inda ake tace zinare da hannu kuwa, da wuya a rasa zaiba, wadda wasu ke kira makuri.

Tambayoyi uku ke nan a gaban hukumomi. Nawa ne daga cikin zaibar nan ke bin laka zuwa kogi? Daga wane wuri take fitowa? A jikin wa take ƙarewa? Ta farko da ta uku ana amsa su da awon da kimiyya ta daɗe da iyawa. Ta biyun ce ta daɗe tana gagarar masu bincike a duniya, kuma ita ce ke haifar da gardama, domin kowa na iya nuna ɗan'uwansa da yatsa. A cikin shekaru ashirin da suka wuce an samu hanyar amsa ta, ta hanyar auna ƙwayoyin zaibar da ke kwance a lakar kogi. Nijar na da kowane dalili na shiga wannan aiki tun yanzu, kafin ya zama aikin ƙirga marasa lafiya.

Yadda zaiba ke zama dafi

Aikin mai tace zinare sananne ne ga duk wanda ya taɓa zuwa Koma Bangu ko Mbanga. A fasa dutse, a niƙa shi ya zama gari, a wanke a kan shimfiɗa, sannan a zuba zaiba a cikin abin da ya rage. Zaiba takan kama ƙananan ƙwayoyin zinare ta dunƙule da su. Sai a matse dunƙulen a ƙyalle, a ɗora a wuta. Zaiba na tafasa a maki 357 na ma'aunin zafi, don haka takan tashi ta bar zinaren a baya. Tururin yakan shiga huhun mai ƙonawa da na duk wanda ke kusa, sauran ya bi iska ya sauko a wani wuri. Wani kason kuma yakan maƙale a cikin dusar dutsen da aka zubar, ya jira ruwan sama.

Rahoton Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2015 ayyukan ɗan Adam sun saki zaiba kusan tan 2,220 a cikin iska, kuma ƙananan masu haƙar zinare ne ke da kaso mafi girma, kusan 38 cikin 100. Wannan lissafin na iska ne kawai, ban da wadda ta shiga ƙasa da ruwa.

Idan zaiba ta isa kogi, yawancinta takan manne da ƙananan ƙwayoyin laka ta kwanta a ƙasa. A can, inda iska ba ta shiga, wasu ƙwayoyin bakteriya kan sauya ta zuwa wani nau'i da ake kira metilmakuri, wanda ya fi na asali haɗari nesa ba kusa ba. Ƙananan halittun ruwa su ci, ƙananan kifaye su ci su, manyan kifaye su ci ƙanana. A kowane mataki dafin na ƙara taruwa, shi ya sa kifi mai cin ɗan'uwansa kamar giwan ruwa ya fi karfasa tara shi. Suya ko banda ko dahuwa ba sa fitar da shi. A jikin mace mai ciki yakan ratsa zuwa ga ɗan tayi ya taɓa ƙwaƙwalwa tun tana haɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya zaiba cikin sinadarai goma da suka fi zama abin damuwa ga lafiyar jama'a.

Duniya ta koyi wannan darasi ne a garin Minamata na ƙasar Japan. Daga 1932 zuwa 1968 masana'antar kamfanin Chisso na zubar da dagwalo mai zaiba a bakin teku. Kyanwoyin garin ne suka fara tangaɗi suna faɗawa ruwa, daga baya masunta da iyalansu suka fara rasa ji da gani da daidaiton tafiya. An gano cutar a hukumance a watan Mayun 1956, amma sai a 1968 gwamnati ta amince cewa dagwalon masana'antar ne sanadi. Shekara 12 ana jayayya a kan asalin dafin, mutane na ci gaba da cin kifin. Sama da mutum 2,000 aka tabbatar a hukumance sun kamu. Jinkirin gano mai laifi ya yi ɓarna kamar yadda dafin kansa ya yi.

Ƴan'uwa bakwai masu nauyi daban

Ɗan Nijar ba baƙo ba ne ga kalmar izotop, ko da bai taɓa furta ta ba. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit iri biyu ne aka fi sani, mai lamba 235 da mai lamba 238. Sinadari ɗaya ne, nauyin ƙwayar zarrarsu ne kawai ya bambanta. Haka zaiba take, sai dai ita tana da irin waɗannan ƴan'uwa guda bakwai, masu lamba 196, 198, 199, 200, 201, 202 da 204. Dukkansu tabbatattu ne, ba sa rushewa kuma ba sa fitar da tururin nukiliya. Mai lamba 202 ne ya fi yawa, kusan kashi 30 cikin 100 na kowace zaiba.

Duk ɗigon zaiba na ɗauke da bakwai ɗin nan, amma rabonsu yakan ɗan sauya gwargwadon abin da zaibar ta gamu da shi a hanya. Idan aka ƙona ta ko ta tashi a iska, marasa nauyi sukan riga tafiya, masu nauyi su fi zama a baya, kamar yadda shiƙa ke raba ƙaiƙayi da hatsi. Wannan shi ne sauyi na farko, wanda ke bin nauyi. Na biyun ya fi ban mamaki. A 2007 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Mishigan a Amurka, Bridget Bergquist da Joel Blum, suka nuna cewa idan hasken rana ya bugi zaibar da ke cikin ruwa, masu lamba 199 da 201 sukan ware su yi nasu hali daban da sauran, ba tare da la'akari da nauyi ba. Wannan alama ba ta gogewa da sauƙi, ko bayan zaibar ta shiga jikin kifi.

Haɗa alamomin biyu shi ke ba da abin da za a iya kira tambarin zaiba. Wadda aka narko daga ma'adini aka zuba a kwalba aka sayar wa mai tace zinare ba ta sha rana a cikin ruwa ba, don haka alamar ranarta kusan babu. Wadda ta daɗe tana yawo a sararin sama, ta sauko ta ganyen itatuwa ta taru a ƙasar daji, tambarinta daban. Wadda ruwan sama ya sauko da ita ma nata daban. Idan aka san tambarin kowane tushe, aka auna na lakar kogi, lissafi zai nuna kason da kowanne ya bayar, kamar yadda mai bin sawu ke bambanta sawun dabbar gida da na baƙuwa a bakin mashaya.

Bambancin ƙanƙani ne, ana auna shi da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu, wani lokaci ƙasa da haka. Ana bukatar na'ura mai tsada da ake kira MC-ICP-MS, da ɗakin gwaji mai tsafta, da ƙwararru. Amma ɗibar lakar kanta ba ta da wannan wahala. Ana soka bututu a ƙasan ruwa a zaro lakar a tsaye yadda ta kwanta, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa. A yanka ta yanki-yanki, a busar, a rufe. Akwai hanyar sanin shekarun kowane yanki, ciki har da alamar sinadarin siziyom 137 da gwaje-gwajen bama-baman nukiliya suka watsa a duniya, wanda ya fi yawa a lakar 1963. Ta haka bututu ɗaya kan ba da labarin abin da ya shiga kogi shekara bayan shekara.

Inda aka gwada aka gani

A jihar Kalifoniya ta Amurka an fara rububin zinare a 1848. An haƙo zaiba mai yawa a ma'adinin New Almaden da ke kudu da mashigin tekun San Faransisko, aka kai ta duwatsun Siyera Nebada don tace zinare. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya auna lakar mashigin ya gano cewa tambarin zaibar na sauyawa daga kudu zuwa arewa. Ta kudu ta dace da dagwalon tsohon ma'adinin zaiba, ta arewa ta dace da wadda masu tace zinare suka zubar, koguna suka kawo. An kuma ga cewa tambarin da ke jikin ƙananan kifaye na bin na lakar wurin da suke zaune. Yawancin waɗanda suka zuba zaibar sun daɗe da mutuwa, amma har yau hukumomin jihar na gargaɗin jama'a kan cin wasu kifayen wurin.

A ƙasar Sulobeniya an yi kusan shekara 500 ana haƙar zaiba a garin Idriya, har zuwa shekarun 1990. Binciken 2009 ya bi tambarinta daga rafin garin zuwa kogin Soca, har mashigin tekun Tiriyeste da ke tsakanin Sulobeniya da Italiya, ya nuna cewa yawancin zaibar da ke lakar bakin kogin daga can ta fito. Ma'adinin na ƙasa ɗaya, kason ɓarnar na wata ƙasa.

Misalin da ya fi kama da halin Nijar yana Kudancin Amurka. Kogin Fuyango na tasowa a Ekwado, ya ratsa yankin Fotobelo da Zaruma inda ake da tarin ƙananan masana'antun tace zinare, sannan ya shiga Peru da sunan Tumbes, inda manoma ke ban-ruwa da shi. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa zaibar da ke lakar kogin, a nisan sama da kilomita 100 daga wuraren tacewa, na ɗauke da tambarin dagwalonsu. A can ana zuba sinadarin siyanid a kan dusar dutse don tsotse ragowar zinare, kuma siyanid na narkar da zaiba ya sauƙaƙa mata tafiya mai nisa. Wannan aiki na siyanid ya daɗe da shigowa wuraren haƙa na Liptako.

Akwai kuma darasin dajin Amazon. An daɗe ana ɗora duk laifin zaibar kogin Tafajos na Barazil a kan masu haƙar zinare, har wasu masu bincike na Barazil da Kanada suka nuna a shekarun 1990 cewa ƙasar dajin kanta na ɗauke da zaibar da ta tara cikin dubban shekaru, kuma sare daji da zaizayar ƙasa na kwararar da ita zuwa kogi. Daga baya, a kogin Oyafok da ke iyakar Barazil da Giyana ta Faransa, wani bincike na 2019 ya yi amfani da izotop wajen raba kason zaibar kwalba da na zaibar ƙasar da haƙa ta tono. Bambancin na da muhimmanci ga mai tsara doka. Inda zaibar kwalba ta fi yawa, maganin na wurin ƴan kasuwa da masu tacewa. Inda ta ƙasa ta fi yawa, maganin na wurin tare zaizaya da hana zuba taɓo a kogi.

Abin da ya shafi Nijar

Kogin Isa, wanda ake kira Kwara a Najeriya, na da tsawon kusan kilomita 4,200, kuma kusan 550 ne kawai ke cikin Nijar. Kafin ya iso Ayoru ya riga ya ratsa yankin zinare na Sigiri a Gini da na Kangaba a Mali. Sirba kuwa a Burkina Faso take tasowa, ƙasar da ita ma ke cike da wuraren haƙa. Bayan Gaya ruwan ya shiga Najeriya. Ke nan Nijar na karɓa daga sama, tana ƙara nata, tana miƙa wa na ƙasa. Ranar da aka samu zaiba fiye da kima a kifin Yamai ko na Gaya, gardama za ta tashi nan take. Mai haƙa a Tera zai ce daga Mali take, na Mali zai ce daga Gini, mai masana'anta zai ce ƴan haƙar gargajiya ne, su kuma su nuna jujin birni inda ake ƙona tsofaffin batura da fitilu da ma'aunin zafin jiki, ko man shafawa na canza launin fata da ake haɗawa da zaiba. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba tare da awo ba, mai ƙaramin ƙarfi ne zai ɗauki laifin kowa.

Matsalar tsaro a jihar Tilaberi ta sa jami'an muhalli ba sa iya zuwa wuraren haƙa da yawa. Wannan ma hujja ce ta komawa ga laka. Inda jami'i ba zai iya shiga ba, ruwa na fitowa daga can da shaida a bayansa. Bututun da aka soka a kogin Isa sama da mahaɗarsa da Sirba, da wani a ƙasa da mahaɗar, da wani a Yamai, za su faɗi abin da ke faruwa a ramukan da ke nisan ɗaruruwan kilomita, ba tare da an jefa ran kowa cikin haɗari ba.

Madatsar ruwan Kandaji da ake ginawa a arewa maso yammacin Yamai ta ƙara wa lamarin gaggawa. An gani a Kanada da Barazil cewa idan sabuwar madatsa ta shanye ƙasa da ciyayi, ruɓewarsu a ƙarƙashin ruwa na ciyar da bakteriyar da ke haɗa metilmakuri, kuma dafin kan ƙaru a jikin kifi na tsawon shekaru kafin ya sauka. Ana sa ran tafkin Kandaji zai zama wurin kamun kifi babba. Awon da aka yi kafin a tare ruwan shi ne zai zama mizani. Bayan an tare, damar ta wuce har abada.

Kudancin ƙasar ma ba a bar shi a baya ba. A 2021 aka gano zinare a yankin Ɗan Isa na jihar Maradi, dubban matasa suka yi tururuwa, har rami ya rufta a watan Nuwamban shekarar ya kashe mutum 18. Gulbin Maradi na shigowa daga jihar Katsina ta Najeriya, ya ratsa Madarumfa da Maradi da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Lambuna da rijiyoyi da tafkin Madarumfa duk a wannan kwari suke. Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400, ya san cewa dafin ma'adinai ba ya sallama kafin ya shiga gida. Zaiba ta fi dalmar Zamfara tafiyar hawainiya, shi ya sa ta fi sauƙin mantawa.

Iyakar abin da awon zai iya faɗa

Kada a ɗauki hanyar nan a matsayin duba. Zaibar kwalba da ke yawo a kasuwannin duniya tambarinta na kama da juna, domin ana cakuɗa ta tsohuwa da sabuwa, daga ƙasashe daban-daban. Awon zai iya cewa kaso kaza na zaibar wannan laka daga aikin zinare ne, kaso kaza daga ƙasa ko sama. Zai yi wuya ya ce daga ramin wane ne. Sai an haɗa shi da taswirar rafuka, da awon yawan zaiba a kowane reshe, da sanin shekarun laka, kafin a iya nuna yanki. Haka kuma tambarin ƙasar dajin Amazon ba lalle ya zama na ƙasar Sahel ba, inda ciyayi ba su da yawa, rana ta fi zafi, kuma ƙurar hunturu na kawo kaya daga nesa. Dole ne a auna tushen gida: ƙasar gonaki, dutsen ma'adini, dusar da aka zubar, ƙura, da zaibar da ake sayarwa a kasuwa.

Abu na biyu da ya kamata a kiyaye shi ne yadda za a yi amfani da sakamakon. Matashin da ya bar Tasawa ko Magarya ya tafi Jado ko Cibarakatan tun rububin 2014, ko ya tsallaka zuwa ramukan Gana da Mali da Cadi, talauci ne ya kai shi, kuma shi ne na farko da ke shaƙar tururin. Idan sakamakon bincike ya zama sandar dukansa kawai, an yi asarar kuɗin binciken. Nijar ba ta haƙo zaiba. Tarayyar Turai ta hana fitar da ita tun 2011, Amurka tun 2013, amma har yanzu tana sauka a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma, ta bi hanyoyin fasa-ƙwauri zuwa Sahel. Sau da yawa mai sayen zinare shi ne mai kawo zaiba, yana ba da ita bashi don zinaren ya dawo hannunsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shaidar da laka za ta bayar ya kamata ta kai ga wannan sarƙar tun daga samanta.

Haka nan bai dace a tsorata jama'a su guje wa kifi ba. Kifi abinci ne mai gina jiki, kuma sana'ar dubban masunta da mata masu suya da banda ta dogara da shi. Amfanin awo shi ne a iya cewa wannan nau'in kifi daga wannan wuri lafiya lau ne, wancan kuwa mai ciki ta rage cin sa. Jita-jita ce ke kashe kasuwa gaba ɗaya.

Abin da ya kamata a yi

Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Minamata, wadda aka ƙulla a 2013 ta fara aiki a ranar 16 ga Agustan 2017. Sashe na 7 na yarjejeniyar ya ɗora wa duk ƙasar da ke da ƙananan masu haƙar zinare da yawa nauyin tsara shirin rage zaiba, tare da kawar da munanan halaye huɗu: zuba zaiba a kan dukkan dutsen da aka niƙa, ƙona dunƙule a fili, ƙona shi a cikin unguwannin jama'a, da zuba siyanid a kan dusar da ke da zaiba. Alƙawari ne da ba za a san ko an cika shi ba sai da ma'auni.

Mataki na farko ba ya bukatar na'ura mai tsada. Ma'aikatun muhalli da ma'adinai, tare da Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar EMIG a Yamai da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maradi, za su iya ɗibar laka da kifi a wurare ƙayyadaddu, sau biyu a shekara, lokacin jar ambaliya da lokacin rani, su busar su adana da lamba da kwanan wata. Busasshiyar laka na iya jiran shekaru a cikin kwalba. Lakar bana da ba a ɗiba ba kuwa, ambaliyar baɗi na iya tafiya da ita.

Na biyu, a nemi abokan aiki da ke da na'urar. Akwai ɗakunan gwaji da suka ƙware a wannan fanni a Tulus da Po na Faransa, da Giyang na Sin, da Toronto na Kanada, da Mishigan. Sharaɗin ya zama cewa ɗaliban Nijar ne za su raka samfurin su koyi aikin, kuma sakamakon ya dawo gida. A nan ƴan Nijar mazauna ƙetare, musamman masu karatun kimiyyar ƙasa da sinadarai, suna da rawar da ta fi aiko da kuɗi. Su ne za su iya ƙwanƙwasa ƙofar malamansu, su mai da Sirba da Gulbin Maradi batun digirinsu.

Na uku, a kai maganar teburin maƙwabta. Hukumar kula da kogin Isa mai ƙasashe tara hedikwatarta na Yamai. Nijar da Mali da Burkina Faso, da suka kafa tarayyar AES a watan Yulin 2024, su ne ke raba yankin Liptako da ruwansa. Tsakanin Nijar da Najeriya kuma akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwan da suka yi tarayya a kai, ciki har da Gulbin Maradi. Awon haɗin gwiwa a kan iyakoki zai fi zargin juna amfani.

Na huɗu, a bai wa mai tacewa mafita. Tukunyar ƙonawa mai murfi da bututu, wadda maƙerin gari zai iya haɗawa, na kama yawancin tururin ta maido da zaibar a sake amfani da ita. Akwai teburan girgiza da ingantattun shimfiɗun wanki da ke tara zinare ta nauyinsa, da narkarwa da sinadarin boraks inda nau'in dutsen ya dace. Hani ba tare da madadi ba yakan kora aikin ne kawai zuwa cikin ɗaki da dare, kusa da yara.

Na biyar, a wallafa sakamakon, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a rediyo da wayar hannu, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Masunci da mai ciki su ne suka fi kowa haƙƙin sani.

Matasan birni da ke bin labarin gurɓacewar kogunan Pira da Ankobira na Gana, da zanga-zangar da matasan Akara suka yi a 2024 kan haƙar galamse, sun ga inda sakaci ke kaiwa. Idan gemun maƙwabci ya kama da wuta, sai a shafa wa na gida ruwa. Ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai da ƴan jarida na da tambaya mai sauƙi da za su riƙa yi wa ministoci da gwamnoni da magadan gari a duk taron da aka yi kan zinare: yaushe aka ɗibi lakar kogi, a wane wuri, kuma ina sakamakon?